Daga Rijiyar Indabo zuwa Lakar Teku

Ku da kuka shigo sana'ar nan kuka tarar da inji, gani kuke aikin bai wuce a tayar da shi a koma inuwar mota ana danna waya har ruwa ya ɓullo ba. Jiya ina jin ɗayanku yana gaya wa abokinsa wai haƙa rijiya ba ta da wani ilimi, tunda ƙasa aka nufa kuma ba a ɓatan hanya. Dariya na yi, don ni ma da haka na fara. Sunana Isiyaku, a Kausani aka haife ni, kuma ina shiga rami tun iyayen wasunku ba su yi aure ba. Ku gyara zama ku ji.

A hannun ƙanen mahaifiyata na koya, Kawu Haladu. Kayan aikinsa gaba ɗaya jaki ɗaya ke ɗauka: dagi, gajeriyar fartanya, igiyar rama, kwando, guga da fitilar ƙwai. Fitilar nan ba don haske kawai ba ce. Kowace safiya kafin mutum ya sauka sai an zura ta. In ta mutu a ƙasa, iskar ramin ta ɓaci ke nan, sai a ɗaure ganyen darbejiya a igiya a yi ta sama da ƙasa da shi har iskar ta sake. Shekarata ta farko ban taka ƙasan rijiya ba, jan kwando kawai nake yi. Ko a nan ma akwai doka. Duk lokacin da ƙasar ta sauya launi, sabon tsibi zan yi mata, ba a haɗa ta da ta baya. Kafin a gama rijiya sai ka ga tsibi-tsibi a jere a bakinta: turɓayar gona, jan rairayi, marmara, farin yumɓu, sannan yashi mai tsakuwa wanda ruwa ke kwance a cikinsa. Kawu yakan bi su ɗaya bayan ɗaya, ya murza a yatsa, ya sansana, wani ma ya ɗora a harshe.

Masu ba da aiki kuwa kowa da irin rigimarsa. Wani zai nuna maka gindin bishiyar da yake shan iska ya ce nan yake so. Wani ya ce maƙwabcinsa ya sami ruwa a gaba kaza, don haka in ka wuce nan cutarsa kake yi. Ba su san cewa ƙasar Wudil iri biyu ce ba. A wani wurin ba ka yi nisa ba za ka ci karo da ruɓaɓɓen dutse, a wani wurin kuma, musamman in ka nausa gabas, shimfiɗa ce a kan shimfiɗa kamar an jera tabarmi.

Akwai rijiyar wani mahauci da muka haƙa a kan tudu, nesa da kogi, inda ko a shekarar ambaliya ruwa ba ya zuwa. Mun wuce jan rairayi sai dagi ya shiga baƙar laka mai danƙo. Da na juye kwandon sai ga katantanwa ƙanana farare, irin na fadama, har da ƙayar kifi. Na leƙa na ce, “Kawu, me ya kawo kifi nan?”

Daga ƙasa ya ce, “Ruwan Annabi Nuhu mana.”

Na yarda. Aka ci gaba, rairayi ya dawo, can kuma sai ga wata baƙar lakar da nata katantanwar. Na sake leƙawa.

“Kawu, sau nawa aka yi ruwan Annabi Nuhu?”

“Sau ɗaya, kai ma ka sani.”

“To ga laka ta biyu.”

Ina jin numfashinsa daga ƙasa. Can ya ce, “Ja kwandonka, Isiyaku.” Amma da ya fito na ga ya daɗe tsugune a gaban tsibin nan biyu yana tona su da tsinke.

Mummunar shekararmu shekarar fari ce. Damina ta ɗauke da wuri, gero ya bushe a tsaye, rijiyoyi suka ƙafe tun kafin bazara. Kowane ƙauye neman mai ƙara wa rijiya zurfi yake, mu kuma muna karɓar aikin da a shekarar lafiya ba za mu kalla ba. A Indabo aka kira mu kan wata tsohuwar rijiya da ba a ɗaure bangonta ba. Mata na zaune da tuluna a kewaye tun da safe, shanu na kuka a bayansu. Kawu ya duba bangon ya ce akwai jan rairayi a tsakiya, ya kamata a ɗaure shi tukuna. Mai unguwa ya ce, “Malam Haladu, siminti sai an je gari, kuma yaran nan tun jiya ba su sha na kirki ba.” Kawu ya dubi matan, ya tuɓe riga ya sauka.

Jan rairayi ba ya gargaɗi. Yumɓu yakan tsage ka gani, marmara takan yi ƙara, shi kuwa zubowa kawai yake yi kamar an kwance bakin buhu. Wajen hantsi na ji igiya ta yi nauyi, ƙura ta taso daga ramin. Da ta lafa na hango Kawu, rairayi ya binne shi har ƙirji. Duk wanda ya sauka ya ɗebe kwando ɗaya, biyu ne za su zubo. Wani maƙeri a garin ne ya kawo dabara. Ya fasa gindin duro, muka zura shi a hankali ya kewaye Kawu kamar riga, na sauka ina kwashe na cikin duron da ƙwarya, na waje kuma ba shi da hanyar shiga. Sai bayan la'asar muka fito da shi. Ya rayu, amma ƙugunsa ya goce, bai ƙara shiga rami ba. Mutanen Indabo kuwa sai da aka ɗaure rijiyar da siminti suka sha ruwanta. Tun daga ranar, ko za a yi mini kuka da hawaye, ba na wuce jan rairayi ban ɗaure shi ba.

Da injin burtsatse ya shigo, na bi wani kamfani a matsayin lebura, har na iya tuƙa injin, daga baya na haɗa nawa ƙarami. Inji yana da sauri, amma yana niƙe komai ya fito da shi kamar kunu. Don haka nake sa ku tara abin da ke fitowa a kwanuka a jere, kuna ƙunƙuni. Wanda bai duba kwanukan nan ba, bai san inda zai sa bututu mai huda ba, sai ya sa shi a yumɓu, bayan wata biyu mai gida ya zo yana sallama da fushi.

Kwanukan nan ne suka haɗa ni da Dakta Rifkatu, malama a jami'ar nan ta garinmu, 'yar ƙasar Tangale, wadda ke koyar da ilimin ƙasa da duwatsu. Ina aiki a wani gida a Sabon Gari ta tsaya da motarta ta tsugunna a gabansu, ba ta ko damu da taɓo ba. Bayan mun gaisa ta ce, “Malam Isiyaku, za ka iya fito mini da ƙasa ba tare da ka niƙe ta ba? Yadda take kwance nake son ganinta.”

Na ce ban taɓa yi ba. Ta kawo wani bututu mai kaifin baki, muka yi ta gwaji a fadamar bayan gada. Na farko ya zube, na biyu ya maƙale. Sai da na gane cewa ba a matsa wa injin, kuma ba a sakar masa ruwa da yawa, sannan ƙasar ta fara fitowa doguwa kamar rake. Ta tsaga ta gida biyu da waya, sai ga bangon rijiya kwance a kan tebur, har da jan rairayin da baƙar lakar.

Na ce, “Dakta, yau kam zan tambaya. Wannan ya kusa kashe kawuna, wannan kuma mun rasa mai gaya mana abin da ya kawo kifi cikinsa.”

Ta miƙo mini ɗan gilashin ƙara girma, ta zuba rairayin a tafin hannuna, ta zuba yashin kogi a ɗayan. Yashin kogi manya da ƙanana ne a gauraye, masu kaifi. Rairayin kuwa duk girmansu ɗaya, mulmulallu kamar gero. Na ce lallai shi ya sa ba ya kama siminti, magina ba sa sonsa. Ta ce ita ba ta ma san magina na gudunsa ba. Sannan ta ce iska ce ta mulmule shi haka, tudun hamada ne a kwance.

“Hamada a Wudil?”

“Har gaba da Wudil. Akwai zamunnan da duniya ke yin sanyi, ƙanƙara ta rufe ƙasashen can arewa, ta taru ta yi tsauni. Ruwan da ya daskare ɗin nan daga teku ya fito, don haka teku sai ya ja baya. Mu nan ba ma ganin ƙanƙara, abin da muke samu fari ne, hamada ta gangaro. In duniya ta sake ɗumi, ƙanƙara ta narke, damina ta yi ƙarfi, inda tudu yake ya zama tafki. Kifinku daga nan yake. Na ƙarshe da aka yi, sanyin ya kai maƙura kimanin shekara dubu ashirin da suka wuce.”

Na tambaye ta me ke jawo shi. Ta ɗauki lemo ta karkata shi tana zagaya kofin shayi da shi, ta ce karkatar duniya da hanyarta a kewayen rana suna ɗan sauyawa a hankali, su je su dawo. Na ce wannan sai na kwana da shi tukuna. Da na kai wa Kawu labarin yana zaune a zaure, ya jinjina kai ya ce, “Ikon Allah. Wato hamadar ce ta kwanta a ƙarƙashin Indabo tana jirana. Tambayo mini ita, za ta dawo?” Na tambayo. Ta ce ba ta sani ba, don yanzu hayaƙin da mutane ke saki yana ɗumama duniya ta hanyar da ba ta ga irinta a ƙasar da take tonowa ba. Kawu ya ce ya fi yarda da malamin da ya iya cewa bai sani ba.

Dakta ta ce a nan wajenmu iska da kogi suna share abin da suka shimfiɗa, sai ka sami biyu ka rasa uku. Inda abin yake a jere shi ne gaɓar teku, wurin da ƙasa ke nutsewa a hankali, kowace shimfiɗa ta danne ta ƙasanta ta adana ta. Da rani ya kama ta ce in shirya, za mu kudu.

Mun kwance injin gunduwa-gunduwa, mota ta kai mu inda hanya ta ƙare, aka loda shi a babban kwale-kwale. Ni da na girma a bakin kogin Wudil ina ganin na san ruwa, sai ga ruwan da ke cika ya janye sau biyu a yini ba tare da an yi ko yayyafi ba. Itatuwan wurin a cikin ruwan gishiri suke tsiro, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Ƙauyen da muka sauka na masunta ne, gidajen a kan turaku. Mai kwale-kwalenmu ya taɓa zama a Kano yana sayar da kayan mota, shi ne ya zama tafintanmu.

Ramin farko ya nuna mini abin da Dakta take faɗa. A sama baƙar laka ce mai wari, cike da ɓawon dabbobin teku. Ƙarƙashinta ruɓaɓɓen itace da saiwoyi, har da gawayi, alamar daji ne da ya taɓa cin wuta. Ƙarƙashin wannan kuma yashi mai tsakuwa, irin wanda masu tifa ke ɗiba a kogin garinmu. Muna ƙara nisa sai lakar teku ta dawo, sai itace, sai yashi. Dakta tana bi da yatsa tana cewa, nan teku ya tafi kogi ya bi bayansa, nan ya dawo ya rufe. Ta ce a sanyin ƙarshe teku ya sauka fiye da mita ɗari, inda muke tsaye tudu ne, mai son ganin teku sai ya yi tafiya mai nisa. Na dubi ruwan da ya kewaye mu ko'ina na ce Allah da girma yake.

Abin da ya fi ba ni mamaki, mutanen nan da ke kwana a kan ruwa ba su da na sha. Duk ramin da suka tona zartsi ne. Ruwan sama suke tarawa a duro, in rani ya yi nisa ya ƙare sai wanda kwale-kwale ya kawo daga nesa. Mun tarar yara da yawa na fama da gudawa. Ni kuma sabon da na yi tun wurin Kawu, da yashin nan mai tsakuwa ya fito sai na ɗebi na tsakiyarsa na sa a baki. Ban ji gishiri ba. Na sake ɗiba daga wani wurin, haka.

Na ce, “Dakta, ɗanɗana nan.”

Ta ɗanɗana ta tofar, ta sa wani ɗan ma'auni a ruwan da ta matse. Ta ce, “Zai yiwu. Yashin tsohon kogi ne, kansa na can tudu yana shan ruwan sama, lakar teku kuma ta yi masa murfi. Amma Malam Isiyaku, in muka buɗe shi ba daidai ba, gishirin sama zai bi jikin bututu ya gangara, mu lalata musu abin da ba mu muka ajiye ba.”

Tafinta bai iya riƙe magana ba. Kafin azahar sai ga shugabar matan garin, wata tsohuwa da kowa ke kira Mama, ta zo da sandarta ta zauna a kan akwatin kayanmu. Ta ce a tambaye mu, gaskiya ne akwai ruwan daɗi a ƙarƙashinsu? Dakta ta ce wataƙila. Mama ta ce ita jikoki biyu ta binne a rani irin wannan, don haka ba za ta tashi daga kan akwatin nan a kan wataƙila ba.

Matsalar ita ce bututu da simintin da suka rage na rami ɗaya ne, kuma shi ne rami mafi zurfi, wanda Dakta ta yi shekaru tana neman iznin yinsa. Ta koma gefe ta daɗe tana kallon ruwa. Da ta dawo ta ce, “Za ka iya toshe lakar nan yadda ko ɗigo ba zai bi ba?”

Na ce, “In kin nuna mini daidai inda laka ta ƙare, zan iya, in sha Allahu.”

Ta ce, “To a yi musu. Ƙasar da ta jira shekara dubbai za ta ƙara jirana.”

Ban taɓa aikin da na yi a hankali kamar wannan ba. Mun zaɓi wuri mafi tudu a garin. Na haƙa da faɗi har ƙarshen lakar, inda ta auna mini, na zura babban bututu, na tura siminti ta ƙasa har ya cika bayansa ya fito sama. Sai ruwa ya janye muke iya kawo kaya, in ya cika mu tsaya. Muka bar simintin ya kama sosai, mutanen gari na ta tambaya ko mun fasa ne. Sannan na shiga ta cikin bututun da ƙaramin bakin inji na huda zuwa yashin, na sa bututu mai huda, na zuba tsakuwar da matan garin suka wanke da sauran ruwan samansu.

Da muka tayar da famfo duk garin na wurin. Ruwa ya fito, wani dattijo ya tara hannu ya kurɓa, ya tofar. Gishiri. Na ce wa tafinta ya gaya musu ruwan da muka yi haƙa da shi ne yake dawowa, a ba shi lokaci. Ni kaina ban tabbata ba, don in simintin ya tsage a wani wuri, shi ke nan. Mutane suka watse suna maganganu da yarensu, ban nemi a fassara mini ba. Dakta na auna ruwan tana cewa yana raguwa, ni ina ɗanɗanawa ina jin kamar bai ragu ba. Haka muka yini, washegari muka ɗora. Mama ce kaɗai ba ta daina zuwa ba.

Da hantsin rana ta biyu ta miƙa kofi aka cika mata. Ta kurɓa. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan guntun sabulu, ta tara hannu a bakin bututun ta murza. Ruwan zartsi ba ya kumfa, ku riƙe wannan. Kumfa ta taso fara sol har gwiwar hannunta. Ta dube ni, ta dubi Dakta, sannan ta juya wajen gari ta ƙwala kira da muryar da ban zaci tana da ita ba.

Na ce wa tafinta, “Me take cewa?”

Ya ce, “Cewa take kowace mace ta fito da wankinta.”

An sha, an cika duro, an yi wa yara wanka, sannan aka shiga wanki kamar gobe sallah. Ranar da za mu tafi na zo kwance injin, na tarar an ɗaura igiya daga ƙarfensa zuwa turakun gidaje, zannuwa da rigunan yara sun rufe shi ruf. Mai kwale-kwale na ta faɗa wai ruwa zai janye ya bar mu. Dakta ta nemi inuwa ta zauna ta cire takalmi. Sai da shanyar ta bushe muka kwance inji.